Magariya da Dungass: yadda ake dawo da ruwan sha bayan ambaliya

A gundumomin Magariya da Dungass, a kudancin jihar Damagaram, ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, musamman a kwarin Korama, inda ƙasar rairayi ce. Wannan alheri ne ga masu noman rani, amma shi ne kuma matsalar idan damina ta yi ƙarfi: ruwan da ya kwaso ƙazantar masai da kashin dabbobi yakan faɗa cikin rijiya ta baki, ko ya tsiyaya ta ƙasa. Ambaliya na iya janyewa, ruwan rijiya ya yi garau, alhali ƙwayoyin cuta na nan.

Magariya na cikin yankunan da kwalara ta shafa a 2021, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Zinder, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar.

Gyaran rijiya yana farawa da yasa: a kwashe ruwan, a fitar da laka, a toshe tsagar siminti, a ɗaga bakin rijiyar. Sannan ma'aikatan ruwa su zuba kulorin mai ƙarfi, a rufe ta aƙalla awa 12, a sake kwashe ruwan har warin ya ragu. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa. Masan da ya rushe kuma, a sake gina shi nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Kafin a gama wannan, aikin na cikin gida ne. A tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a saka ƙwayar Aquatabs daidai da litar da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bidon mai marfi ya fi randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki.

Wanda zawo mai kama da ruwan shinkafa ya kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, a kai shi likita mafi kusa.