Jinin Tunkiya da Gwajin Amosanin Gaɓoɓi

A shekarar 1937, a wani ɗakin gwaje-gwaje a birnin Oslo na ƙasar Norwe, likita Erik Waaler ya lura da wani abin mamaki. Ya haɗa ruwan jinin wani mai fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda ake kira rumatoyid, da jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya da aka shafa wa sinadarin garkuwar zomo, sai ƙwayoyin suka cure wuri guda. Ya wallafa bincikensa a 1940, shekarar da Jamus ta mamaye ƙasarsa. Ana cikin yaƙi, wa zai tsaya karanta labarin jinin tunkiya? Aikin ya kwanta.

Sai a 1948 aka sake gano shi, a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, kuma ba shi ake nema ba. Elizabeth Pearce, ma'aikaciya a ɗakin binciken Harry Rose, ta kamu da wani zazzaɓi da ake nazari a kansa. Da aka gwada jininta, ƙwayoyin tunkiyar suka dunƙule fiye da kima. Ashe dama tana fama da amosanin. Rose da Charles Ragan suka bi sawu a jinin wasu majinyatan, suka sami abu ɗaya. Shi ya sa ake kiran gwajin Waaler-Rose.

A 1956 masu bincike Singer da Plotz suka maye gurbin jinin tunkiya da ƙananan ƙwayoyin roba, aiki ya yi sauƙi. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Henry Kunkel ta nuna cewa abin da ake aunawa sinadarin garkuwa ne da ya juya kan ɗan'uwansa a cikin jiki.

Amma gwajin yana da rauninsa. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu cutar ne yake nunawa, sauran kuwa jininsu shiru. Sinadarin yakan kuma fito a jinin masu tarin fuka, ciwon hanta nau'in C, har da tsofaffi masu lafiya. A Ibadan, Brian Greenwood ya tarar da shi a jinin 'yan Najeriya da yawa da gaɓoɓinsu ƙalau, aka danganta hakan da cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro.

Yanzu ana haɗa shi da gwajin anti-CCP, wanda masana suka samar a Nijmegen ta Holan wajen 2000. Idan takardar gwajinka ta nuna akwai sinadarin, kada ka yanke wa kanka hukunci. Kai wa likita ya duba gaɓoɓin da idonsa.