Kwantiragin ɗan ƙwallo: Yadda ƙungiyoyi ke zaɓar ’yan wasa da abin da doka ta tanadar musu

Duk lokacin da sabuwar kakar wasa ta gabato, filayen ƙwallo kan cika da matasan da suka zo gwaji. A Jihar Zamfara, wasu kan fito daga unguwannin Gusau irin su Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, wasu kuma daga Tsafe da ke kan hanyar Funtuwa, ko Bungudu da ke kan hanyar Sakkwato, kowa da takalminsa a leda da burin ganin sunansa a jerin waɗanda za a yi wa rajista.

Kaɗan ne ake ɗauka daga cikinsu, kuma ko a cikin waɗanda aka ɗauka ba kowa ne ya san abin da ya sa wa hannu ba. Aminiyar ɗan wasa a ranar da dangantaka ta yi tsami ita ce takardarsa. Wannan bayani ya duba yadda ake tsara jerin ’yan wasa, da ƙa’idojin kwantiragi, da haƙƙin ƙananan ƙungiyoyin da suka yi rainon yaro, tare da kwatanta su da tsarin ƙwallon Amurka.

Matakan gasa da masu riƙe da ƙungiyoyi

Gasar ƙwallon ƙafa ta maza a Najeriya hawa-hawa ce. A sama akwai Gasar Firimiya, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20. A ƙarƙashinta akwai gasar rukuni na biyu, NNL, sannan NLO, inda akasarin ƙungiyoyin garuruwa da makarantun koyon ƙwallo ke fafatawa. Dukkansu suna ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, wadda a ranar 30 ga Satumban 2022 aka zaɓi Alhaji Ibrahim Musa Gusau, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Zamfara, ya shugabance ta.

Babbar ƙungiyar jihar ita ce Zamfara United, mai mazauni a Gusau, wadda filin wasa na tunawa da Sardauna ya kasance gidanta. Ta taɓa taka leda a Gasar Firimiya kafin ta koma rukunin ƙasa. Kamar Kano Pillars da Katsina United, ƙungiya ce ta gwamnatin jiha. Wannan na da tasiri kai-tsaye a kan kwantiragi, domin albashin ’yan wasa ya fi dogara da kuɗin da gwamnati ta saki fiye da kuɗin tikiti ko na talla, kuma sauyin gwamnati kan zo da sauyin shugabannin ƙungiya da na mai horarwa.

Yadda ake tsara jerin ’yan wasa

Masu shirya kowace gasa kan ƙayyade adadin ’yan wasan da ƙungiya za ta yi wa rajista a kaka. Cikin wannan adadi ne mai horarwa zai raba gurabe tsakanin masu tsaron raga da ’yan baya da ’yan tsakiya da ’yan gaba, don haka gwani kan rasa gurbi idan layin da yake bugawa ya riga ya cika.

Dokar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta ware lokuta biyu kacal a shekara domin yin rajista: babba a tsakanin ƙarshen kaka da farkon wata, da ƙarami a tsakiyar kaka. Ɗan wasa na iya yin rajista da ƙungiyoyi uku a kaka ɗaya, amma biyu kawai zai iya buga wa wasan gasa. Wanda bai samu gurbi ba ana iya bayar da shi aro ga wata ƙungiya, kuma yarjejeniyar aro ba ta wuce shekara ɗaya.

Halartar atisaye ko sanya rigar ƙungiya ba su mayar da mutum ƙwararren ɗan wasa. A wajen FIFA, ƙwararre shi ne wanda ke da rubutaccen kwantiragi, kuma abin da ake biyansa ya zarce abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba ɗan sha’awa ne, komai daɗewarsa a sansani.

Abin da kwantiragi ya ƙunsa

Kwantiragi kan fayyace ranar farawa da ta ƙarewa, da albashin wata, da ladan cin wasa, da alawus na tafiya, da masauki, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan an ji rauni. Idan wakili ko dillali ya shiga cinikin, dole sunansa ya fito a takardar.

Mafi ƙarancin wa’adi shi ne daga ranar sa hannu zuwa ƙarshen kaka, mafi tsawo kuma shekara biyar. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ɗaure shi fiye da shekara uku. Haka kuma ba a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwajin lafiya, wato ƙungiya ta yi bincikenta kafin sa hannu, domin bayan an sa hannu ba ta da ikon janyewa da hujjar ta gano wani tsohon ciwo.

A shekarun baya, ginshiƙin ciniki a Najeriya shi ne kuɗin sa hannu, wani dunƙulallen kuɗi da ake yi wa ɗan wasa alƙawari a farkon kaka, a bar shi da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa kaso kaɗan ake biya, sauran ya zama bashin da ake bi shekara da shekaru. Bayan kamfanin LMC ya karɓi ragamar gasar a 2013, an soke wannan tsari, aka mayar da ƙarfi kan albashin wata, aka kuma sanya Naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancinsa a Gasar Firimiya. Duk da haka, koke-koken bashin albashi ba su ɓace daga gasannin ƙasar ba.

Rabuwa da ƙungiya

Asalin ƙa’ida ita ce kwantiragi na ƙarewa ne da cikar wa’adinsa ko da yardar ɓangarorin biyu. Ƙungiya na da ikon ajiye ɗan wasa a benci, amma raguwar ƙoƙarinsa ba hujja ba ce ta korarsa ba tare da diyya ba.

Shi ma ɗan wasa yana da ƙofofin fita. Tun daga 2018, dokar FIFA ta ce idan aka riƙe masa albashin wata biyu, zai rubuta wa ƙungiyar takardar gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15. Idan ba ta biya ba, yana da ikon raba gari da ita ya kuma nemi diyya. Takardar gargaɗin ita ce jigon lamarin, domin wanda ya tattara kayansa ya tafi ba tare da ita ba yana iya zama shi ne mai laifi. Bugu da ƙari, gogaggen ɗan wasan da bai buga kashi 10 cikin 100 na wasannin ƙungiyarsa a kaka ba yana iya neman a sallame shi a ƙarshen kakar.

Idan saura wata shida kwantiragi ya ƙare, ɗan wasa na iya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya, kuma idan ya ƙare yana tafiya ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Tushen wannan ’yanci shi ne hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disamban 1995 a shari’ar ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman. Da irin wannan ’yanci ne Ahmed Musa ya koma Kano Pillars a Afrilun 2021, watanni bayan rabuwarsa da Al-Nassr ta Saudiyya.

Rikici tsakanin ɗan Najeriya da ƙungiyar Najeriya ana kai shi gaban hukumomin ƙwallon cikin gida. Idan kuwa ya haɗa ɗan wata ƙasa da ƙungiyar wata ƙasa, kotun ƙwallo ta FIFA ce ke saurare, ana kuma ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lozan a Suwizalan.

Yara da haƙƙin masu raino

An haramta kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, sai a wasu ’yan yanayi, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa misali ne a nan ma. Ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, amma sai da ya jira cikarsa shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin a kammala komawarsa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Don haka duk dillalin da ya karɓi kuɗin iyaye da alƙawarin sama wa ɗan shekara 15 ƙungiya a Turai, ya yi alƙawarin abin da doka ta hana.

Akwai kuɗi iri biyu da ke komawa ga masu raino. Na farko diyyar horarwa ce, wadda ƙungiyar waje ke biya idan ta ba matashi kwantiraginsa na farko, ko ta ɗauke shi kafin ya wuce shekara 23. Na biyu kuwa kashi 5 cikin 100 ne na kuɗin sayen ɗan wasa a cinikin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu daga shekara 12 zuwa 23.

Ga yadda lissafin yake. A ce an sayar da ɗan wasa Dala miliyan ɗaya, za a ware Dala 50,000. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗi, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma kashi 10. Ke nan ƙungiyar unguwa a Tsafe ko Bungudu da ta riƙe yaron daga shekara 12 zuwa 15 za ta samu Dala 10,000, kuma za ta sake samun rabonta a duk lokacin da aka ƙara sayar da shi zuwa wata ƙasa.

Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista a ƙarƙashin NFF, yaron ma an yi masa rajista da sunanta. Daga wannan rajista ake haɗa tarihin ɗan wasa, wanda cibiyar biyan kuɗi da FIFA ta buɗe a Faransa a 2022 ke dogara da shi. Kocin da ya yi shekara huɗu yana saya wa yaro takalmi da ruwan sha, amma bai rubuta sunansa a ko’ina ba, ba shi da abin nunawa ranar rabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda abin yake a ƙwallon Amurka

Kwatanci da gasar NFL ta Amurka na ƙara fito da darajar waɗannan ƙa’idoji. Wasa ne da ya yi kama da zari-ruga, kuma ba ya ƙarƙashin FIFA. Ƙungiyoyinsa 32 kan shiga sansanin share fage da ’yan wasa 90 kowacce, sannan a ƙarshen Agusta a zaftare su zuwa 53, abin da ke raba mutum sama da 1,000 da gurabensu cikin ’yan kwanaki. Daga cikinsu kowace ƙungiya kan dawo da 16 a matsayin ’yan atisaye, da ƙarin gurbi ɗaya na ɗan ƙasar waje. Ta shirin ’yan ƙasashen waje da aka fara a 2017 ne Efe Obada, haifaffen Najeriya, ya shiga jerin 53 na Carolina Panthers a 2018.

A can akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a kan albashi, wadda ta tashi daga Dala miliyan 34.6 a 1994 zuwa miliyan 279.2 a 2025. Sabbin ’yan wasa ba su zaɓar ƙungiya. Ana rabon su ne a zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta gabata ita ke fara ɗauka, kuma kwantiraginsu na farko na shekara huɗu ne.

Babban bambancin shi ne ƙungiyar NFL na iya sallamar ɗan wasa a kusan kowane lokaci, ba ta kuma biyan komai sai kason da aka rubuta cewa an lamunce masa. Shi ya sa masana ba su cika kallon jimillar kuɗin da ake shelantawa ba, sai abin da aka lamunce. A 2022 Cleveland Browns ta lamunce wa Deshaun Watson dukkan Dala miliyan 230 na kwantiraginsa, lamarin da ba a saba gani ba. Ita kuwa Denver Broncos, da ta sallami Russell Wilson a 2024, sai da Dala miliyan 85 suka ci gaba da hawa kan lissafin albashinta alhali ba ya buga mata wasa.

A rubuce, ɗan wasan Gusau ya fi na NFL kariya daga kora. Abin da na Amurkan ya fi shi da shi su ne ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, da yarjejeniyar bai-ɗaya da aka ƙulla a 2020 wadda za ta kai kakar 2030, da tabbacin cewa abin da aka rubuta za a biya.

Abin lura kafin sa hannu

Ɗan wasa ya nemi a karanta masa kwantiragi a fassara masa da harshen da yake ji, a gaban wani nasa da ya amince da shi. Kada ya sa hannu a takardar da aka bar gurbin kuɗi ko na wa’adi a buɗe, kuma ya karɓi kwafinsa a ranar, ɗauke da sa hannun jami’in ƙungiya. Duk alƙawarin da aka yi da baki, na gida ne ko na mota ko na ƙarin albashi, a shigar da shi cikin takarda. Ya fi kyau albashi ya riƙa shiga ta banki, domin bayanan asusu hujja ne a gaban masu shari’a.

Su kuma masu ƙungiyoyin unguwa, hanyar ta fara ne daga ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ke Gusau, inda za su nemi rajistar ƙungiya da ta kowane yaro, da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, tun yana ɗan shekara 12.