Wuyan Hannu da Marin Salaga

Kafin ka ci gaba, ka ajiye takardan nan, ka kama wuyan hannunka na hagu da hannun dama. Ka ji yadda ya tsuke? A wannan ɗan wuri akwai ƙasusuwa ƙanana guda 8, jeri biyu, huɗu huɗu, sun zauna a kan dogayen ƙasusuwa biyu da suka sauko daga gwiwar hannu. Naman da ke ba yatsu yawancin ƙarfinsu yana can sama, jijiyoyi ne suke saukowa kamar linzami su ja yatsun. Guda 9 daga cikinsu suna bi ta wata ƙunƙuntar ƙofa a gaban wuyan hannu, tare da jijiya ɗaya mai kai ji zuwa babban yatsa da maƙwabtansa. Ka lanƙwasa hannunka ƙasa sarai, ka gwada dunƙulewa. Ƙarfi ya gudu, ko ba haka ba? Ka ɗaga shi baya kaɗan, ya komo. Da wannan mahauci yake riƙon wuƙa, mai albasa a kasuwar Bawku take ɗaga kwando.

Amma tun da wurin ya tsuke, tafin hannu kuwa ya fi shi faɗi, abin da aka ɗaura a nan ba ya zamewa. Masu cinikin bayi ba su karanta aikin likita ba, amma sun san wannan sarai.

Kakanninmu fatake suna kiran tafiyan nan zuwa Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa, da tufafi, da fatu, ya bi ta Yendi ya sauka Salaga, ya komo da goron Asante. Wata hanya kuma takan gangaro daga ƙasar Mosi ta Bawku da Gambaga. Ba goro kaɗai ake ciniki ba. Tun wajen 1744 Asante ta rinjayi Dagomba, sarakunan Yendi suka riƙa biyan gandu da mutane, su kuwa sai su kai hari garuruwan da ba su da babban sarki. Daga baya, a shekarun 1880 da 1890, mayaƙan Zabarmawa a ƙarƙashin Babatu suka ci ƙasar Gurunsi da yaƙi. Faransawa suka kore shi a 1897, ya zauna a Yendi, ya mutu a 1907, kabarinsa yana can.

Harshenmu ya riƙe shaida. Muna da mari, muna da turu, muna da ƙuƙumi, watau a ɗaure hannun mutum a wuyansa. A Salaga akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, inda akan wanke su, a shafa musu man kaɗanya domin su yi kyan gani. Akwai kuma Rafin Angulu, inda akan yar da waɗanda suka mutu. Sunayen nan biyu da Hausa suke, ba da Gwanjanci ba. Ni dai ban iya ƙetare wannan da sauri ba.

Ka tuna da jijiyoyin nan. A gefen babban yatsa akwai wata mai kai ji, tana kwance a kan ƙashi, fata kaɗai ta rufe ta. In ƙarfe ya matse ta, bayan hannu yakan mutu da ji, wani lokaci har watanni. Yaro kuwa, ƙasusuwan nan 8 guringuntsi ne sa'ad da aka haife shi, na ƙarshensu ba ya zama ƙashi sai wajen shekara 10 zuwa 12. An sayar da yara a Salaga waɗanda wuyan hannunsu bai gama ƙwari ba.

Kada wani ya ce ina jifan Musulmi. Jiragen da suka jira bayi a bakin teku na mutanen da ake kira Kirista ne, kunyan nan tamu ce. A 1877 wani mai wa'azin bishara, Theophilus Opoku, mutumin Akuropon, ya zo Salaga, ya ga kasuwan da idonsa, ya rubuta labarinta da baƙin ciki. Lokacin garin ya fara raguwa, gama Ingilishi sun ci Kumasi a 1874. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa fatake, da yawa suka koma Kete-Krachi.

A zangonmu jikan madugu da jikan wanda aka ɗaure suna zaune a rumfa ɗaya, sun yi auratayya. Duk da haka in faɗa ya tashi, sai ka ji an ce, ai asalinsa bawa ne. Mai faɗin wannan yana sake ɗaura ƙuƙumi da bakinsa.

Littafi Mai Tsarki ya gaya mana an ɗaure Yesu Almasihu daren da aka kama shi, aka kai shi gaban Bilatus a ɗaure. Wasu likitoci suna ganin a wuyan hannu aka kafa ƙusar, gama tafi kaɗai da wuya ya ɗauki nauyin mutum. Bayan ya tashi daga matattu bai ɓoye tabon ba, ya miƙa wa Toma hannun ya ce ya duba.