Fiyanon Kano da Kalangun Bawku

Waƙa ta daɗe tana bin hanyar goro zuwa ƙasarmu Gana. Ayarin fataken da ke sauka Salaga yakan zo da malamai da makaɗa, kuma ta wannan hanya Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga yana rubuta waƙoƙi, kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Mu da muka tashi a Zangon Bawku, tamu waƙar a kaset ta zo mana: Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗan Ƙwairo, cikin kayan direbobi da 'yan kasuwar shanu.

Wajen shekarar 2000 sai kunnenmu ya canza. Fim ɗin Sangaya da ire-irensa suka shigo da wani sauti da ba mu saba ji ba, sautin fiyanon Yamaha PSR da situdiyoyin Kano ke haɗa kiɗa da shi. Mutum ɗaya ya zauna, ya latsa maɓalli, sai ga ganga da sarewa da kiɗa irin na Indiya a lokaci guda. Daga kudu kuma ga hiplife, ga 'yan VIP na Nima suna saka Hausa a waƙarsu ana ji a rediyon Ankara. Duk saurayin da ya ji waɗannan biyun sai ya fara tara kuɗin fiyano.

Kwamfuta ce ta sauƙaƙa abin. Da tsohuwar kwamfuta, da makirufo guda, da manhajar Fruity Loops wadda yanzu ake kira FL Studio, sai ɗakin da aka jingina wa katifa a bango ya zama situdiyo. A wannan kwamfutar dai muke zana fosta da Photoshop ko CorelDraw, shi ya sa a wajenmu mai haɗa kiɗa sau da yawa shi ne mai zanen bangon faifai da katin biki. Rarrabawa kuwa ta bar hannun mai shagon kaset ta koma memori da Bluetooth, daga baya WhatsApp. Waƙa ta fi yawo, kuɗinta ya ragu.

Abin da ya fi damuna da waɗannan shekaru shi ne yadda muka riƙa kwaikwayon Kano har numfashi. Laifin ba na Kano ba ne. Su sun ƙirƙiro nasu, mu muka ara muka ƙi mayarwa. Ga goge a bakin ƙofarmu wajen Kusasawa, ga makaɗan kalangun Dagomba da ke riƙe da tarihin sarakunan Yendi a ka, amma muna neman sautin ganga a cikin fiyano.

Akwai dalili na sana'a a ciki, kuma duk wanda ya gwada ya sani. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar yadda harshe ke yi. In ka ɗauki bugu ɗaya ka jera shi a kwamfuta, ka samu amo amma maganar ta tafi. Haka goge: daɗinsa a zamewar da yake yi tsakanin murya da murya, inda fiyano ba shi da maɓalli. Auto-Tune kuwa, wanda ya fito a 1997 ya mamaye waƙoƙin fim na Hausa, aikinsa ke nan, ya jawo murya zuwa ga mataki mafi kusa. In ka sake masa linzami a kan mai goge, sai ya goge abin da ka kira mutumin dominsa. Dole sai ka bar makaɗi ya yi kiɗansa daga fari har ƙarshe, sannan ka gina sauran a bayansa, injin ya bi mutum.

Maƙwabtanmu Farafara ne suka nuna mana ana iyawa. King Ayisoba ya ɗauki kologo, ƙwarya da fata da tsarkiya biyu, ya shiga situdiyon Panji Anoff a Ankara, kuma a 2007 waƙarsa ta ci kyautar waƙar shekara ta Gana. A Bongo, Francis Ayamga ya riƙa ɗaukar mawaƙan yankinsa a Top Link Studio, har aka fitar da faifan This Is Frafra Power a Turai a 2019. Tamale ma ta yi nata: Fancy Gadam, da Dagbanci a bakinsa, ya ci kyautar waƙar shekara a 2018 tare da Sarkodie.

Bawku ba ta samu wannan sarari ba. Rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021, dokar hana fita ta kashe wasan dare, biki ya taƙaita, kuma biki shi ne abincin makaɗi. Wasu abokan aiki sun kwashe kayansu sun koma Bolga ko Tamale ko Kumasi. Waɗanda suka rage da rana suke aiki. In an samu dattijo mai goge ya yarda ya zo, sai a ɗauki duk abin da ya kaɗa ba tare da an katse shi ba, a tura ta waya zuwa Tamale a tace sautin, a ajiye na asalin a wuri biyu saboda wuta na iya ɗaukewa a kowane lokaci.