Shin Harsashi Mai Haske Yana Kunna wa Fetur Wuta?

Harsashi mai haske shi ne wanda ake gani da dare yana tafe da jar wutsiya. A gindinsa akwai ɗan rami cike da garin magniziyam da gishirin sitirontiyam, waɗanda ke kama wuta da zarar an harba. Sojojin Birtaniya suka fara amfani da shi a 1915, domin mai bindiga ya ga inda harbinsa ke faɗawa. A ɗamarar harsasan mashinga, akan sa guda ɗaya cikin kowane biyar.

Ba don ƙona abu aka ƙera shi ba, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna haka. Manyan jiragen balan-balan na Jamus da ke jefa wa Landan bama-bamai cike suke da iskar haidurojin, mai saurin kamawa, amma harsashin yau da kullum huda su kawai yake yi ya wuce. Sai da aka ƙera harsasai na musamman, masu fashewa da masu ƙonawa, sannan Laftanar William Leefe Robinson ya kakkaɓo jirgin SL 11 yana ci da wuta a Cuffley, daren 2 ga Satumba 1916, wayewar 3.

Haka abin yake ga tankin fetur, kuma dalilin bai da wuyar fahimta. Ruwan fetur ba ya ci da kansa. Tururinsa ne ke kamawa, shi ma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. A cikin rufaffen tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, harsashin kuma kafin ƙiftawar ido ya fice. Hatsarin yana zuwa ne bayan tanki ya huje, mai ya tsiyaye, tururi ya bazu a waje. A nan ko tartsatsi ya isa. Shi ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu aka yi wa tankokin jirage rufin roba mai kumbura ya toshe huji da kansa. Jiragen Zero na Japan na farko ba su da shi, kuma sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta. Dizal ya fi fetur taurin kai, don sai ya yi zafi sama da digiri 50 kafin ya ba da tururin da zai kama.

Abin da ya fi dacewa a ji tsoro shi ne inda harsashin ya sauka yana ci. A Yulin 2009, atisayen sojojin Faransa da irin wannan harsashi a sansanin Carpiagne ya tayar da gobarar da ta cinye sama da hekta 1,000 har bakin unguwannin birnin Marsai.

Wannan ne ya shafi yanki irin Azagor, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda rayuwar Fulani da Buzaye makiyaya ta rataya a kan ciyawa. Daga Oktoba, damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe ƙayau, ga iskar hunturu tana kaɗawa. Wuta in ta tashi sai ta lashe abincin dabbobi na rani guda, abin da ya sa ake share hanyoyin tare gobara a daji kowace shekara. Harsashi mai haske yana iya ratsa tankin fetur bai kunna shi ba, amma busasshiyar makiyaya guda ɗaya ya ishe ta.