Daga Bakolori Zuwa Motar Lantarki: Waiwaye Adon Tafiya

  Maganar motoci da kekuna masu aiki da lantarki ta cika bakin jama'a, musamman tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Ana cewa su ne maganin hayaƙi da ɗumamar yanayi. Mu da muka kwana biyu a duniya muna ganin ya kamata a waiwaya kafin a yi tsalle.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar da ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau, wadda ta gwada murhu da na'urar busar da amfanin gona masu aiki da rana, ta kuma haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da wutar sola. Ɗanmu Jelani Aliyu, wanda ya tsara siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, shi ne ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa, cikin watan Afrilu na 2021, aka buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a wannan jami'a tamu. Abin alfahari ne, ba mu musu.

To amma tarihi ya koya mana cewa sabuwar fasaha takan zo da kuɗin da ba a rubuta a takardar ciniki ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, an kawo ta ne da alkawarin noman rani da wadatar abinci. Sai ga shi manoman da aka karɓe wa gonaki sun tashi neman diyya, har aka rasa rayuka da dama a watan Afrilu na 1980. Su kuma manoman fadama da masunta da ke ƙasa da madatsar, ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu ta ragu, kifi ya yi ƙaranci. Wasu sun amfana, wasu sun biya.

Saboda haka muke da tambayoyi uku game da motar lantarki. Ta farko: daga ina wutar za ta fito? Mafi yawan lantarkin Nijeriya da iskar gas ake samar da shi, kuma idan an ɗauke wuta kowa ya san janareta ake tayarwa. Motar da aka yi wa caji da janaretan dizal ba ta kashe hayaƙi ba, mazauni kawai ta sauya masa.

Ta biyu: daga ina batirin ya fito? Ana haƙo ma'adinin kobal galibi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, shi kuma litiyam yanzu har a Jihar Nasarawa ana haƙarsa. Mu kuwa mun san abin da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ke haifarwa. A 2010 gubar dalma daga wuraren sarrafa zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, waɗanda har zuwa 1996 jiharmu ɗaya da su.

Ta uku: ina batirin zai tafi idan ya mutu? Zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, zafi kuwa yana gajarta ran batir. Yawancin batiran solar da ke gidajenmu da masallatanmu na dalma ne, kuma idan sun lalace 'yan gwangwan ne ke fasa su a cikin unguwa, kusa da inda yara ke wasa.

Adalci ya sa mu faɗa cewa bincike ya nuna motar lantarki, idan aka lissafa rayuwarta tun daga ƙira har tsufa, ta fi ta fetur ƙarancin hayaƙi, musamman in da rana ake cajinta. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Shakkarmu tana kan yadda za a riƙe abin bayan an gama bikin yanke kyalle.

Don haka muna ba ƙungiyarmu shawara. Duk aikin sola ko keken lantarki da za a saka kuɗin membobi a ciki, a ware kason gyara da sauya batir tun ranar farko. A tura matasanmu su koyi gyaran kayan, a kuma rubuta yarjejeniya da mai sayarwa cewa zai karɓi tsohon batir. Kada kuma mu manta da dashen dogon yaro da iyayenmu suka yi, wanda har yau muke shan inuwarsa ba tare da caji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya albarkaci Sakkwato da zuriyarta, amin.