Daga Tubalin Babban Gwani Zuwa Bulon AutoCAD

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani abu da ɗaliban zanen gine-gine a Samaru ke dannawa kullum ba su tambayi asalinsa ba. Shi ne abin da AutoCAD ke kira block. Mu bari mu ce masa bulon zane, tunda bulon siminti ma daga wannan kalma ya samo suna. Ga yadda yake: ka zana ƙofa sau ɗaya, ka raɗa mata suna, ka adana. Duk inda kake son ƙofa sai ka kirawo ta. Gida mai ƙofa 40, zane ɗaya ne ke tsaye a wuri 40. In ka gyara uwar, 'ya'yan duk sun gyaru.

To, kada a ɗauka kwamfuta ce ta kawo wannan dabara. Mu leƙa cikin birnin Zazzau. A zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a. Bai zo da takardar zane ba. Abin da yake da shi tubali ne, da azara, da bakan gizo, da ɗaurin guga. Azara akwai iyakar faɗin da za ta iya ɗauka, saboda haka ita ke yanke girman ɗaki. In ana son fili mai faɗi sai a ɗaure baka, a maimaita shi. Ka ga kenan 'yan siffofi kaɗan ne, an san awonsu, ana ta jera su har a tayar da babban gini. Ma'ajiyarsu kuwa kan magini ce, daga uba zuwa ɗa.

Daga nan sai zamanin allo da tawada. An fara koyar da zanen gine-gine a Ibadan a 1952, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, aka dawo da sashen Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaje shi. Tambayi duk wanda ya yi karatu a wancan lokaci, zai ba ka labarin alƙalamin Rotring, da takarda mai shara-shara, da warin amoniya wurin buga kwafi. Bulonsu shi ne wata 'yar roba mai ramuka, ramin masai, ramin baho, ramin kujera, ka ɗora ka bi da alƙalami. Amma fa in malami ya ce tagoginka 60 sun yi ƙanƙanta, reza za ka ɗauka ka kankare su ɗaya bayan ɗaya. Kwana ya ƙare.

Wannan wahala ce wani ɗalibi a Amurka ya yi wa magani. A 1963 Ivan Sutherland, yana digirinsa na uku a jami'ar MIT, ya fito da manhajar Sketchpad. Ana zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. A ciki ya raba zane gida biyu: akwai na asali, akwai kwafe-kwafensa da ke ɗaure da shi. Ka taɓa na asali, sauran su bi. Sai dai kwamfutar tasa ta cika ɗaki guda, ba kowa ke ganinta ba.

A ƙarshen 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar tebur. A nan umarnin BLOCK da INSERT suka zama ruwan dare, ga kuma WBLOCK mai fitar da bulo ya zama fayil mai zaman kansa. A 1990 aka ƙara XREF, yadda zanen wani zai bayyana cikin naka, in ya gyara nasa ka gani. AutoCAD 2000 ta zo da DesignCenter don ɗauko bulo daga tsofaffin ayyuka. AutoCAD 2006 kuma ta kawo bulo mai miƙewa: ƙofa ɗaya, ka ja ta daga milimita 750 zuwa 900 ko 1200 ba sai ka sake zane ba.

Yau daga ɗakunan zane na Samaru har shagunan buga zane na Sabon Gari, da wuya ka buɗe fayil ba ka tarar da bulo ba. Amma jama'a, a nan gizo ke saƙar. Abin da ke maimaita daidai, shi ke maimaita kuskure. Ɗauki awo: inci 1 milimita 25.4 ne. Ka sauko da ƙofar da Ba'amurke ya zana da inci, ka jefa cikin zanenka na milimita ba ka duba ba, ƙofar inci 36 na iya fitowa milimita 36, ko ƙadangare sai ya rage ciki. Wani kuma sai ya fasa bulo da EXPLODE don ya gyara abu ɗaya, ya raba 'ya da uwa, ya koma zamanin reza bai sani ba.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Zana bulo da ainihin girmansa. Sa shi a leya ta 0 don ya ɗauki launi da kaurin layin inda aka ajiye shi. Zaɓi wurin kamu mai ma'ana, ƙofa a kama ta ta wajen maratayinta. Ba shi sunan da abokin aikinka zai gane, kamar ƙofa 900, ba “sabo2” ba. Tara su wuri ɗaya, ka riƙa share tarkace da PURGE.

Saura abin da ya fi damuna. Buɗe ma'ajiyar bulon ɗalibanmu, za ka ga kujerun Turai da itatuwan ƙasar sanyi. Ina zanko? Ina indararo, ina dagi, ina zaure? Abin da ke kusa da hannu shi ake zanawa, abin da aka zana kuma shi ake ginawa. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Shekaru da dama kafin nan, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginenmu na gargajiya, har aka tayar da kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos. Da bai auna ba, da me za a kwatanta?

Tsofaffin magina suna ta tafiya da abin da ke kansu. Ɗalibi ɗaya, tef ɗin awo ɗaya, yini ɗaya a cikin birni, ya isa a mayar da bakan gizo guda bulo mai suna da awo, wanda na baya za su kira su yi aiki da shi.

A nan za mu dasa aya. Wanda ke da irin waɗannan bulo a kwamfutarsa, ya taimaka ya raba wa 'yan'uwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.